Ma'ajiyar da Surukina Ya Auna da Hannu

Surukina ba ya yarda da abu sai ya ɗaga shi a tafin hannunsa. Kankana ce, ko agogo, ko zakara, ko kan fartanya, zai ɗora a hannun dama, ya ɗan yi sama da ƙasa da shi yana duban wani wuri can daban, sannan ya yanke hukunci. Har jarirai bai ƙyale ba. Duk jikan da aka miƙo masa a zaure, kafin addu'a sai ya auna shi, ya ce wannan uwarsa ta ci tuwo, wannan kuwa a ƙara wa mai jego kunu. Da aka haifi 'yarmu ta fari cewa ya yi ta ɗauko ƙashin ubanta, ba nama sai tsawo, aka yi ta dariya ina sunkuyar da kai.

A fulotin auduga, inda ake awonta ana saye, ya samo wannan hannu. Tun yana saurayi yake sayen auduga tsakanin Malumfashi da Funtua, da audugar ta ja baya ya koma masara da waken suya. Manomi kuwa ba waliyyi ba ne. Akwai mai yayyafa wa auduga ruwa, akwai mai barbaɗa yashi, akwai wanda zai cusa dutse a tsakiyar buhu ya ɗinke, ya zo yana salati. Surukin nawa, Alhaji, kusurwar buhu kawai yake ɗagawa ya ce a zazzage, in an zazzage sai ga dutsen. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Sai ya ɗauki dutsen ya miƙa wa mai shi, ya ce, "Riƙe kayanka, wannan ba mu saye." Shi ya sa in Alhaji ya ce abu mai kyau ne, ba a sake tambayar kowa. Bai tara dukiyar a zo a gani ba. Wannan yardar ita ya tara, kuma yana ji da ita.

Ni 'yarsa nake aure. Shagona yana Funtua, ina gyaran kwamfuta, ina kuma haɗa bidiyon biki da na saukar karatu. Tsakanina da Alhaji akwai kunyar nan ta surukai, tamu ma ta fi ta mutane kauri, don shi mutumin da ne, ni kuma mahaifiyata ta yi mini horo mai tsanani a kan haka. Tun daga bakin masallacin unguwarsu nake kashe babur in tura. Takalmi a waje, tsugunno a bakin tabarma, ido a ƙasa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yana ce mini Malam, ina ce masa Baba, kuma duk abin da ya faɗa amsata ɗaya ce, "Haka ne, Baba." Da zai ce Funtua tana gabas da Makka, haka ne ɗin zan ce, in tashi in sa takalmina.

Wata Juma'a da kaka na kai matata gida gaisuwa. Na gama tawa gaisuwar ina ja da baya, sai ya ce, "Malam, ɗan dakata." Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wani ɗan kwali. Ashe wayarsa ce ta cika maƙil da hotunan jikoki, da bidiyon aikin Hajjinsa, da karatun malamai da ake turo masa, har ta daina ɗaukar hoto. Sai wani mai tebur da ke zuwa ranar kasuwa ya nuna masa magani: ma'ajiya ce ta zamani, irin wadda muke kira SSD, baƙa, sumul, da 'yar igiyarta.

"Tera biyu aka ce," in ji shi. "Ban san mene ne tera ba, amma an ce ko jikan jikana ba shi cika ta. Duk waɗanda ke bisa teburin sai da na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sakayau, kamar ba kome ciki. Wagga ita ce mai nauyin. Ɗaga ka ji."

Na karɓa da hannu biyu na ɗaga. Nauyinta ya wuce kima. Tsohuwar ma'ajiyar kwamfuta faifai ne a cikinta yake juyawa, da ƙarfe da ɗan inji, dole ta yi nauyi. Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta, 'yan ƙwayoyi ne a kan ɗan allo siriri, ta gaskiya da kaɗan ta fi kwalin ashana nauyi. Sannan ya faɗa mini abin da ya biya, yana murmushin wanda ya iya ciniki. Bai kai kuɗin rabin buhun taki ba, alhali mai wannan girman in ta gaskiya ce sai mutum ya sayar da rago.

"Haka ne, Baba, akwai nauyi," na ce. Wannan dai gaskiya na faɗa.

Ya ba ni wayar, ya ce in kwashe masa kome in zuba a ciki, in share wayar ta huta.

Ni kuma ina da nawa awon, kuma ban taɓa sayar wa mutum ma'ajiya ban yi shi ba. Da farko gudu nake dubawa. Ina da bidiyon wani biki da na ɗauka a Danja, tun daga kamu har kai amarya, ƙato ne ƙwarai, shi nake turawa ciki in zuba ido. Mai kyau, kafin in leƙa in gaisa da tela maƙwabcina in dawo ta shanye shi. Akwai kuma masu wayo, su fara da gudu kamar gaske, da an ɗan yi nisa su saki jiki su koma rarrafe, don haka ba na yarda da farkon tafiya. Sai juriya. Ƙwayoyin nan suna gajiya da yawan rubutawa da gogewa, kuma ta gaskiya tana faɗa wa kwamfuta yawan abin da ya rage na lafiyarta da zafin jikinta. Daga nan sai in cika ta har baki, in dawo in buɗe abin da na zuba in ga ko yana nan yadda na sa shi. In ta tsallake waɗannan, sai in dubi girmanta in dubi kuɗinta in ga ko sun yi kama da juna.

Ta Alhaji ko ƙofar farko ba ta wuce ba. Na tura bikin Danja, na je sallar azahar, na biya na ci shinkafa da wake, na dawo na tarar ko amarya ba a gama yi wa lalle ba. Na nemi ta faɗi lafiyarta, ta yi gum. Da na matsa mata da zubi sai ta nuna halinta sosai. Abin da na fara zubawa yana nan, amma duk wanda ya biyo baya suna ne kawai a jere, ka danna ka ga wayam. Karɓa take yi tana cewa ta ajiye, alhali cikinta ya cika tuni, zubarwa take yi.

Na ɗauko sukudireba na ɓanɓare ta. Ɗan memori ne irin na waya, ƙarami kamar farce, an liƙa shi a wani ɗan allo. Sauran wurin fili ne fetal. A gefe guda kuma ga ƙaton noti na ƙarfe, irin na injin niƙa, an dasa shi da gam mai ruwan ɗorawa. Shi ne nauyin da surukina ya zaɓa. Na fara dariya ni kaɗai a shago, sai na daina, don na tuna wanda zan je in faɗa wa.

Da yamma na ajiye wa matata notin a gabanta, na yi mata bayani, na ce ita za ta gaya masa.

"Ni?" ta ce. "In je in ce wa Baba an cuce shi da noti? Baba da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tono duwatsu a buhun mutane? Ai kai ne injiniya, je ka faɗa masa da bakinka."

"To ki gaya wa Hajiya, ita ta gaya masa."

"Inna? Za ta yi dariya har maƙwabta su leƙo, gobe duk gidan da ake biki an ji. Ka rufa wa tsoho asiri."

Gaskiyarta ne, na san Hajiya. Na kwana ina juya maganar, na tashi ina juya ta. Ba faɗa nake tsoro ba, Alhaji ba ya faɗa. Fuskarsa nake tsoro. Ina hango kaina a tsugune a bakin tabarma, ni da ban taɓa musa masa ko a kan hadari ba, ina nuna masa cewa hannun da duk Malumfashi ta yarda da shi ya ɗauko masa dutse. Kuma daga ranar duk sanda ya gan ni zai tuna ni ne na ga wannan. Wallahi na gwada haɗa kalmomin, kowace na ɗauko sai in ji ta yi kama da rashin kunya.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum ke yi in yana gudun magana. Ina da wata 'yar SSD ta gaskiya a shago, ba ta kai ko kusa da tera biyu ba, amma ta ishi kayan Alhaji har da saura mai yawa. Na riga na auna ta, gudunta lafiya, ba ta zafi, lafiyarta kusan cikakkiya. Na fitar da tarkacen cikin baƙin gidan, na ɗan goge robar da zarto, na zaunar da tawa daram, na rufe. Da na ɗaga sai na ji sakayau. Na san hannun da za ta koma. Ko da ido a rufe zai ce wannan ba tasa ba ce. Don haka na sake buɗewa, na ɗauko notin nan, na shafa masa farin gam na shagona, na mayar da shi gefe inda yake, na danne har ya kama. Na ɗaga na ji ta dawo yadda take. Har yaba wa kaina na yi, na ce kai, yaro, Allah ya yi maka basira.

Ranar da na mayar masa, na nuna masa inda zai soka igiyar a bayan talabijin. Yana dannawa sai ga shi a Mina cikin harami, ba jira ba tsayawa. Ya kira Hajiya ta leƙo ta gani. Ya zare ma'ajiyar ya ɗora a tafinsa ya yi sama da ƙasa da ita.

"Ka gani ko, Malam? Hannun nan bai tsufa ba tukuna."

"Haka ne, Baba," na ce, ina duban tabarma.

Abin haushi, 'yar ma'ajiyar nan tawa ta yi juriyar da ban so ba. A aljihu yake yawo da ita. Ya hau babur da ita zuwa gona a kan hanyar da ke karya ƙwai a cikin kwali, ba ta ce uffan ba. Ta faɗo masa a wurin alwala ta bugi siminti, aka goge aka soka, ta kawo. Da tsohon faifai ne da tuni an yi masa ta'aziyya. Kowace tsira ta yi sai ta zama labari a majalisarsu ta ƙofar gida bayan la'asar, kuma kowane labari ƙarshensa ɗaya ne, in za ka saya ka ɗaga, ka ɗauki mai nauyin. Matata ke kawo mini rahoto tana dariya. Ni ma ina dariyar, amma ta yaƙe. Sau ɗaya na zaga kasuwa ina neman mai teburin nan, ban gan shi ba, na ce ƙila ya canza gari, na kama harkokina.

Damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, matata kuma tana da tsohon ciki na biyu, sai aka kira ni a waya aka ce Baba yana nemana, in zo da kwamfutata da kayan aiki. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa aikowa in zo ba. Tun a hanya jikina ya ba ni.

Na tarar da shi a zaure da wani abokinsa daga garin Dayi, dattijon Bafillace da ya daɗe da zama manomi, abokin Alhaji tun zamanin fuloti. Na san su da tsokanar juna, in sun haɗu ba a jin kunne, wannan ya ce wa wancan mai bin saniya, wancan ya ce wa wannan ɗan awo. Ran nan shiru. A tsakaninsu kan tabarma ga baƙaƙen ma'ajiyu guda biyu, iri ɗaya sak.

Bayan gaisuwa dattijon ya yi mini bayani a hankali. Mahaifinsa malami ne, shi ke tafsiri da azumi a masallacin ƙauyensu har ya rasu. An ɗauki karatunsa a kaset tun da daɗewa, daga baya ɗan dattijon ya juye su cikin waya, kaset ɗin kuma ruwa ya shiga ɗaki ya lalata su. Wayar nan kaɗai ta rage da muryar. Da ta cika, Alhaji ya kai shi wurin mai tebur da kansa, ya zaɓar masa.

"Shi ya ɗaga mani," in ji dattijon. "Ya ce in bari mai teburin ya juye ya share wayar, shi ma haka aka yi mashi. To ga sunayen nan ana gani, Baƙara, Ali Imrana, duk suna nan. Amma in an taɓa, tsoho ba shi magana."

Alhaji ya turo mini su duka biyun da yatsa. "Malam, wurin mutum ɗaya aka saye su, iri ɗaya ne. Abin da ka yi wa tawa, yi wa tashi."

Na kunna kwamfuta na soka ta dattijon, duk da na san abin da zan gani. Hotunan shanunsa suna nan, da bidiyon auren ƙaramar ɗiyarsa, su aka fara zubawa. Karatun shi ne a ƙarshe. Na danna ɗaya bayan ɗaya, ina jan lokaci kamar wani abu zai canza. Daga nan na ce ko a ba ni ita in tafi da ita shago in duba a tsanake. Guduwa nake son yi, ba wani dubawa.

Dattijon ya ce, "Ɗana, ka faɗa mani gaskiya. Yana ciki ko ba shi ciki?"

Shi ba surukina ba ne, kuma ya tambaye ni ido da ido. Na ce, "Ba ya ciki, Baba. Sunan ne kawai."

"To ina ya tafi?"

"Bai taɓa shiga ba. Cikinta ƙarami ne, ƙarya take yi a kan girmanta."

Dattijon ya ce innalillahi a hankali, ya cire hularsa ya mayar. Alhaji bai dube shi ba, bai dube ni ba. Ma'ajiyar yake kallo.

"Buɗe ta," ya ce. Na tabbata da wannan muryar yake cewa a zazzage buhu.

Na ɓanɓare. Ga ɗan memori kamar farce, ga fili, ga noti da gam mai ruwan ɗorawa. Alhaji bai san tera ba, amma wannan ya san shi tun kafin a haife ni. Ya sa babban yatsa ya ɓalle notin, ya riƙe shi, ya daɗe yana dubansa. Na ga kunnensa yana motsi kamar mai tauna abu.

"Buɗe tawa."

"Baba, taka lafiyarta ƙalau." Karo na farko ke nan a rayuwata da na ba shi amsar da ba haka ne ba, kuma a kan rufa wa kaina asiri na ɓarnatar da ita.

"Na san lafiyarta ƙalau. Shi ya sa na ce ka buɗe."

Sukudireba ta zame mini sau biyu. Da murfin ya tashi, ga 'yar SSD ɗina a zaune tsaf, ga alamar zarto a jikin roba, ga notin a gefe cikin farin gam, kuma a ƙarƙashinsa ana ganin sauran tsohon gam mai ruwan ɗorawa da ban kankare ba. Alhaji ya jawo ta kusa da idonsa. Ya dubi wancan notin, ya dubi wannan.

"Wanga ɗinki na biyu ne," ya ce. "An buɗe an sake rufewa. Wa ya mayar da ƙarfen?"

"Ni ne, Baba."

"Don mi?"

"Don kada ka ɗaga ka ji ta yi sakayau."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, irin wadda ke sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa yawa. Ina jin Hajiya a cikin gida tana kiran kaji, ina jin yayyafi a kan kwano, ni kuma ina tsugune da sukudireba a hannu.

Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Mai tebur ya sa mani ƙarfe don bai san ni ba. Kai ka san ni, Malam. Da ka faɗa mani ran nan, da ni ɗaya zan sha kunyata in wuce, ba wanda ya ji. Ga shi na ja mutum da hannuna na kai shi ya baro muryar ubanshi."

Dattijon ya ce, "Haba Alhaji, yaron nan kunyarka ya ji. Ai ɗan mutunci ne." Wannan kirkin nasa ya fi mini zafi a kan maganar Alhaji.

Alhaji ya sake jawo ma'ajiyarsa. Ya sa yatsa ya ɓalle notin da na dasa, farin gam ɗina yana manne a jikinsa. Ya miƙo mini. Na tara hannu biyu.

"Riƙe kayanka," ya ce.

Na tafi da wayar dattijon shago na yi iya yina. An share ta, kuma an sake cika ta da sabbin abubuwa tun daga lokacin, sun hau kan na da. Abin da na iya tsamowa gutsure ne, farkon wani zama, tsohon yana salati yana gyara murya, yana ce wa mutane su matso gaba a bar wa masu zuwa wuri, sai ya fara ayar farko, sai ya yanke. Na zuba masa a ma'ajiya ta gaskiya na kai masa Dayi da kaina. Ya saurara, ya sa na maimaita, ya sake sa na maimaita. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina neman hanyar fita.

Alhaji da bakinsa ya faɗa a majalisa cewa abin da ya yi ta yabo na bogi ne, duk wanda ya saya a kan maganarsa ya kawo a duba. Bai ambaci sunana a cikin labarin ba, ko ga Hajiya. An samu waɗanda suka kawo, na buɗe, noti ne a kowace. Mai teburin ba a sake ganinsa ba. Tsakanina da Alhaji kuma babu abin da ya canza a ido. Ina kashe babur a bakin masallaci, ina tsugunawa, yana ce mini Malam, yana tambayar mutanen Funtua. Har ma'ajiyar ya ci gaba da amfani da ita, ba notin.

Matata ta haihu namiji bayan an cire masara. Da ta yi arba'in na raka ta Malumfashi, aka fito da yaron zaure aka miƙa wa kakansa. Akwai 'yan'uwa da maƙwabta a zaune, kowa ya fara murmushi tun kafin a ce kome, don an san abin da ke tafe. Yaron kuwa tubarkalla, ƙato ne, na san abin da za a ce a kan tuwon uwarsa. Alhaji ya tallabe shi a hannun dama. Hannun ya yi ƙasa sau ɗaya, ya fara tasowa, sai idonsa ya faɗo kaina a can bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya kwantar da yaron a cinyarsa, ya tofa masa addu'a.

Hajiya daga bayan labule ta ce, "Alhaji, ba ka faɗa mana nauyinshi ba."

"Allah shi raya," ya ce, ya miƙa mata yaron.